Raɓa a Hawa na Sha Biyu

Mutumin da kamfanin gini ya turo ya danna babban yatsansa a jikin bangon. Takardar adon da aka manna wa bangon ta lotsa kamar ɓawon ayabar da ta nuna ta wuce, ruwa ya tsattsafo, ya bi yatsan ya gangara cikin hannun rigarsa. Ya dubi ruwan, ya goge a wando, sannan ya juyo.

"Madam, wannan ai ba yoyo ba ne. Raɓa ce."

"Raɓa?" in ji Mi-ran. "A cikin ɗaki? A hawa na sha biyu?"

"Kuna buɗe taga kuwa?"

"Kullum."

"To shi ya sa. Iskar damina ce ke shigo muku."

"Wanda ya zo kafin kai cewa ya yi rashin buɗe tagar ne ya jawo."

"Ai duka biyun suna kawo ta."

Mi-ran ta cije leɓe. Ɗakin 'yarta ne So-yul. Ita da kanta ta zaɓi takardar bangon, ruwan ɗorawa mai hotunan ƙananan tsuntsaye, amma yanzu daga kusurwar taga har bayan gado baƙar fumfuna ta cinye tsuntsayen, sai fukafukai jefi-jefi. Warin kuwa, in ka shigo sai ka rantse tsohuwar rijiya aka buɗe. Daga falo tana jiyo tarin yarinyar, busasshe, mai fita da ƙyar.

Mutumin ya fito da kwalba ya fesa wani ruwa mai hawa ka, ya goge wuri kamar faɗin faranti, ya ɗauki hoton wurin da ya goge da wayarsa. Ya rusuna, ya ce in an sake ganin wani abu a kira ofis, ya saka takalmansa ya fita.

Inna, surukar Mi-ran, tana zaune a ƙasan falo tana gyaran tafarnuwa. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ni dai raɓar da na sani a kan ciyawa take kwana," ta ce. "Ta birni kuwa har bene take hawa. Ilimi ke nan."

* * *

Ba su ga gidan ba lokacin da suka saye shi. Babu wanda ya gani. Rami ne kawai a bayan garin Daejeon, da ƙarafa a tsaye, da wani ɗakin gwaji da kamfani ya ƙawata a bakin titi, inda 'yan mata masu farin safar hannu suke buɗe maka durowa suna rufewa. Mi-ran tana dafa abinci a wata makarantar firamare, mijinta Dong-sik direban motar safa ta gari ne. Tun aurensu suke haya, kuma duk lokacin da mai gida ya ƙara kuɗi sai su ɗaure kaya. So-yul ba ta kai shekara bakwai ba amma ta san gidaje huɗu.

Da sunansu ya fito a ƙuri'ar masu saye, banki ya ba da abin da zai bayar, bai kai ba. Inna ce ta cike. Ta sayar da gidanta na ƙauye, mai daɓen da ake ɗumamawa da wuta ta ƙasa, da bishiyar kanya a tsakar gida, inda ta haifi Dong-sik ta kuma yi jinyar ubansa har ya rasu. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ce gida ai na masu rai ne, su ba ta ɗaki ɗaya kawai.

Ranar da suka tare a Fadar Kogi, sunan da kamfani ya raɗa wa rukunin benayen, Dong-sik ya kwanta rigingine a tsakiyar falo, ya buɗe hannuwa.

"Yau wa ya isa ya ce in tashi?"

"Ni," in ji Mi-ran. "Tashi ka ɗauko tukwane."

Suka yi ta dariya har Inna ta share ƙwalla. Da kaka suka shiga. Hunturu ya zo ya wuce lafiya, bazara ma haka. Sai damina ta sauka.

* * *

Ofishin ƙungiyar masu gidaje yana ƙasan bene na farko. Shugaba Byon, tsohon mataimakin shugaban makaranta, yana goge ganyen furen tebur da ɗan tsumma lokacin da Mi-ran ta shiga. Mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali kamar kullum yana gaban ɗalibai.

"A'a, mai 1204. Zauna mana."

A Fadar Kogi lambar ƙofarka ita ce sunanka.

"Shugaba, jiya na saka hoton bangona a guruf ɗin masu gidaje. Kafin in ajiye waya ya ɓace."

"Ni na sa aka cire."

"Saboda me?"

"Saboda akwai dillalai a ciki, akwai 'yan gulma. Hoto ɗaya ya fita, gobe a ce Fadar Kogi tana yoyo. Kin san abin da hakan zai yi wa farashin gidajenmu?"

"Ai tana yoyon ne."

"Ɗakinki ne yake da danshi. Magana ce daban."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta nemo wani magini da kuɗinta, ya leƙa ta taga, ya ce bangon ya tsage ta waje, ta nan ruwa ke shiga, kuma aikin yini ɗaya ne in an sauko da igiya daga sama. Tana son izini kawai.

Shugaba Byon ya girgiza kai cikin tausayi.

"Bangon waje ba naki ba ne, mai 1204. Na kowa ne. Ba ki da ikon taɓa shi."

"To ƙungiya ta gyara."

"Ginin sabo ne. Gyara haƙƙin kamfani ne."

"Kamfani ya ce in dai bangon waje ne, sai ƙungiya ta kai ƙorafi, ba ni ba."

"Daidai ne."

"To ku kai mana!"

"In mun kai ya shiga takardun hukuma, kowa ya gani." Ya ajiye tsumman. "'Yata, ina da shekarun ubanki. Ɗaruruwan iyalai ne a nan, kowa ya zuba duk abin da ya mallaka. A bar kaza cikin gashinta. Muna magana da kamfani ta bayan fage."

"Yarinyata tana tari, Shugaba."

"Allah sarki. Ki dafa mata citta da zuma."

* * *

Citta ba ta yi ba. Wata safiya So-yul ta tashi tana jan numfashi da ƙyar, ƙirjinta na kuka kamar usur, leɓɓanta sun canza launi. Dong-sik ya riga ya fita aiki. Mi-ran ta goye ta da silifas a ƙafa ta tare tasi.

Likita ta ce asma ce, kuma fumfuna ce ta tayar da ita. Ta tambaya ko a tsohon gida suke zaune, irin na ƙarƙashin ƙasa.

"Sabon gida ne," in ji Mi-ran. "Ko shekara bai yi ba."

Likitar ta dube ta, ta ce koma dai wane iri ne, kada yarinyar ta sake kwana a ɗakin nan.

Da aka sallame su, So-yul ta koma kwana a ɗakin iyayenta. Mi-ran kuwa ta zaro farin zanen gado daga cikin kayan aurenta, ta shimfiɗa a falo, ta buɗe gwangwanin jan fenti.

"Maman So-yul, ki yi tunani," in ji Dong-sik. "Da mutanen nan za mu zauna har tsufa."

"Na yi tunanin a asibiti. Na samu lokaci sosai."

"A bi a hankali dai. Mu da muka zo jiya-jiya."

"Kowa jiya ya zo! Riƙe min can."

Ya riƙe. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: GIDAN NAN YANA YOYO, 'YATA TA KWANTA ASIBITI SABODA SHI. Suka ɗaure a baranda ta ɓangaren babban titi. Inna ta ce jan ya fito da kyau.

Kafin la'asar lasifikar da ke manne a bangon kowane falo ta yi ƙara. Muryar ofis ta sanar cewa wani gida ya rataya abin da ke ɓata kyan gini, ana roƙon mai shi ya tuna da maƙwabta. Aka maimaita da safe. Aka maimaita da yamma. Ba a ambaci lamba ba, ba a kuma bukaci a ambata ba.

Daga nan lif ya zama wurin makoki. In Mi-ran ta shiga, hira ta mutu, kowa ya kafa ido a kan lambobin hawa. Matar da suke zuwa kasuwa tare ta fara ganin kira a wayarta duk lokacin da suka haɗu. Aka liƙa musu tara a kan kuɗin hidima na wata. So-yul ta dawo daga filin wasa ta tsaya a bakin ƙofa ba ta cire takalmi ba.

"Mama, mene ne karya farashi?"

"Wa ya gaya miki?"

"Su Da-in. Wai mamansu ta ce kar su yi wasa da ni, wai mu masu karya farashi ne. Ni ban karya komai ba."

Bayan 'yan kwanaki, Mi-ran tana shanya a baranda sai ta ga ƙafafu suna saukowa daga sama. Mutum ne a kan igiya, da hular kwano, da almakashi a ɗamara. Ta ɗauka ƙungiya ta sauko, gyara aka zo yi.

"Sannu da aiki! Tsagar tana ta hagunka, kusa da taga!"

"Wace tsaga, madam? Ni kyalle aka ce in cire."

"Wa ya turo ka?"

"Ƙungiya."

Ta tsaya da rigar So-yul a hannu tana ɗiga. Ashe ana iya samun izini. Ashe akwai igiya, akwai mai hawa, akwai kuɗin biyansa.

"To tunda ga ka nan, don girman Allah ka duba. Ga ta nan, hannu ɗaya tsakaninku."

Ya waiwaya ya duba, ya yi ɗan fito.

"Kai. Wannan kam ta tsage."

"To ka liƙe mana, zan biya ka."

"Ba shi aka turo ni ba, madam. Su kore ni?"

Ya datse igiyoyin zanen, ya naɗe shi a hammata, ya zarce ƙasa.

* * *

Madam Gu, mai 1104, ita ce shugabar mata ta ƙungiya, kuma gidanta yana ƙarƙashin nasu daidai. Mace ce mai gyaran gashi kullum kamar za ta biki. Mi-ran ta san ita ta tara sa hannun da aka ci su tara da shi, don haka ba ta jira lif ba, ta sauka ta matakala ta danna ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa.

Madam Gu ta buɗe kaɗan, da niyyar tsayawa a bakin ƙofa. Amma warin ya riga ta fitowa.

Mi-ran ta san warin nan. Da shi take kwana.

Ta tura ƙofar ta shiga. An janye kujeru duka zuwa tsakiyar falo. An jera tsofaffin tawul a gindin bango, ga robobi, ga na'urorin tsotse danshi har biyu suna gurnani. Bangon ta ɓangaren taga baƙi ƙirin, har rufi.

Madam Gu ce ta fara magana, ba kunya ba tsoro.

"To kin gani. Nawa ya fi naki. Kin taɓa jin bakina?"

"Amma... amma ke ce kika..."

"Rufe ƙofar, kar wani ya wuce." Ta zauna a hannun kujera. "Ke kina ganin ke kaɗai ce? Duk layinmu haka yake, daga sama har ƙasa. Na gini na uku ma, wurin ajiye motocinsu tafki ne."

"To me ya hana mu haɗu mu kai kamfani kotu? In muna da yawa ai dole su gyara!"

"Kotu! Shekara nawa? Kafin a gama, sunan Fadar Kogi ya zama abin dariya, ko kyauta ba mai karɓa. Ni ɗana zai yi aure. Iyayen yarinyar sun zo sun ga ginin nan daga waje, shi ya sa suka yarda. Ina jiran a gama bikin ne kawai, in manna sabuwar takarda, in miƙa makulli, in yi gaba."

"Wanda ya saya fa?"

"Shi ma ya yi wayo irin nawa."

"Ba kya jin tsoron Allah, Madam Gu?"

"Ina jin tsoron banki, Maman So-yul. Shi ne yake da lambar wayata." Ta miƙe ta ɗauko roba ɗaya da ta cika. "Ke yarinya ce. Kowa a ginin nan yana da miki a gindi, kowa ya zauna a kan nasa ya yi murmushi. Ke kuma kin tashi kina nuna wa titi. Matsa in zubar da ruwan nan."

* * *

Ranar Lahadi aka kira babban taro a zauren motsa jiki. Shugaba Byon ya ce yana da albishir. Maganar bayan fage ta haifi ɗa. Kamfani ya amince, don nuna ƙauna ga mazauna Fadar Kogi, zai rushe ƙofar shiga ya gina sabuwa, doguwa, ta dutse mai sheƙi, da fitilu, da ruwa mai feshi a gabanta. Aka haska hoton a bango. Zauren ya ɗauki sowa. Wani ya ce ko rukunin gidajen da ke tsallaken titi, masu ji da kansu, ba su da irinta.

"Abin da kamfani ke nema kaɗan ne," in ji Shugaba. "Ƙungiya ta amince cewa ginin ba shi da wani babban aibi, sai 'yan ƙananan abubuwa da kowane gida zai ji da nasa."

Mi-ran ta miƙe. Dong-sik ya kama gefen rigarta, sannan ya saki.

"Ina da magana."

"Lokaci ya ƙure, mai 1204."

"Ƙofa za mu kwana a ciki? Ku gaya min! Wa ke nan da bangonsa bai jiƙe ba? Ya ɗaga hannu in gani!"

Ba wanda ya ɗaga. Ba wanda ya dube ta kuma.

"In kin gaji da gidan ki sayar mana ki huta!" wani ya yi ihu daga baya.

"Wasu dai haya ta fi dacewa da su," in ji wata mata, ba da ƙarfi ba, amma yadda za a ji.

Dong-sik ya tashi, fuskarsa ta yi ja. Mutumin da ko fasinja ya zage shi haƙuri yake bayarwa.

"Wa ya faɗi haka? Uwata ta sayar da gidan ubana don mu zauna a nan! Wa ya faɗa?"

"A zauna, a zauna," in ji Shugaba yana buga tebur. "Mu masu ilimi ne. Masu goyon baya?"

Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Madam Gu ta ɗaga nata har da zobba.

"Masu adawa?"

Mi-ran ta ɗaga, Dong-sik ya ɗaga, Inna ma ta ɗaga nata siriri. Can gefe wani dattijo ya fara ɗagawa, ya waiga hagu da dama, sai ya karkata hannun ya sosa kunne.

"Gida ɗaya ƙuri'a ɗaya," in ji Shugaba Byon. "Ɗaya ke nan. An amince."

Aka tafa. Aka raba lemon kwali a bakin ƙofa.

* * *

Kafin damina ta ɗauke, danshin ya ratsa zuwa ɗakin Mi-ran da mijinta, domin bango ɗaya ne ya haɗa su. So-yul ta sake kwana biyu a asibiti. Dong-sik ne da kansa ya ce su sayar, ko da asara, su koma haya.

Dillali Tak yana da shago a bakin sabuwar ƙofar da ake ginawa. Ya zo ya ga ɗakin, ya toshe hanci, ya ce a manna sabuwar takarda, a sa turare, sauran a bar masa. Mi-ran ta bari aka manna. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Ya kawo wasu sababbin aure. Mijin ma'aikacin ofis ne mai ƙaramin tabarau, matar da tsohon ciki. Ta shiga ɗakin So-yul ta tsaya tana murmushi, hannunta a kan cikin.

"Nan za mu sa gadon jariri," ta ce wa mijin. "Dubi haske." Ta juyo wajen Mi-ran. "Yaya, ba wata matsala dai ko?"

"Matsala? A Fadar Kogi?" Dillali Tak ya yi dariya. "Kun ga ƙofar da ake yi kuwa?"

Mi-ran ta dubi cikin matar.

"Yana yoyo," ta ce. "Bangon nan ya tsage ta waje. Bayan takardar nan fumfuna ce. Ita ta kwantar da 'yata. Kada ki sa jariri a nan."

Dillali Tak ya rufe ido kamar wanda aka taka wa ƙafa. Matar ta ja da baya ta fita falo. Mijin kuwa bai motsa ba. Ya gyara tabarau, ya shafa bangon, yana lissafi a ransa.

"Mutanen waje sun sani?"

"Me?"

"Ina nufin, ya shiga jarida? Ko takardun hukuma?"

"A'a."

"To da sauƙi." Ya rage murya. "In za ku yi ragi mai kyau, zan saya. Ba sai mun zauna a ciki ba, haya zan bayar. In ƙofar nan ta kammala farashi zai tashi."

Mi-ran ta dube shi. Wato wani ɗan haya ne zai kawo nasa ɗan. Ta so ta kore shi. Sai ta tuna leɓɓan So-yul a cikin tasi, ta ji kanta tana tambaya nawa ne ragin.

Ba ta ma samu damar jin kunyar ba. Dillali Tak ya raka su lif ya dawo yana share gumi.

"Madam, ki yafe ni. Ba zan iya ba."

"Ai ya ce zai saya."

"A ƙasa da farashin da ƙungiya ta yanka. Kin san dokarsu. Dillalin da ya sayar ƙasa da haka, sunansa zai hau allon sanarwa, babu mai sake ba shi gida a nan. Haka suka yi wa na kusa da ni, yanzu shagonsa wurin gasa kaji ne."

"Gidana ne fa! Nawa!"

"Naki ne mana, wa ya ce ba naki ba? Ki sayar a farashinsu, ki yi shiru da bakinki. Ko ki buɗe baki, ki zauna da abinki. Ni ma 'ya'ya gare ni."

Ta zagaya sauran dillalan unguwar. Labari ya riga ta isa. Kowa ya ba ta shayi, kowa ya ce kasuwa ta yi sanyi.

* * *

Ɗaki ɗaya ne kawai busasshe a gidan, wanda ke ɓangaren matakala, na Inna.

Wata ranar Talata Mi-ran ta dawo daga aiki da la'asar, ta wuce ta sabuwar ƙofa. An gama ta. Ruwa yana feshi sama yana zubowa, mutane suna ɗaukar hoto da 'ya'yansu. Ta hau, ta buɗe gida, ta ji dariyar So-yul daga inda ba ta saba ji ba.

Yarinyar tana kwance a ɗakin Inna, an jera 'yan tsananta a kan taga, littattafanta a kan durowa. Kayan Inna babu ko ɗaya.

Mi-ran ta tura ƙofar tsohon ɗakin So-yul. Sabuwar takardar ta riga ta fara kumbura a kusurwa. Inna ta shimfiɗa katifarta a ƙasa, ta jingina hoton marigayi mijinta a kan akwati, nesa da bango. Tana durƙushe tana ƙoƙarin zaro tankin na'urar tsotse danshi.

"Inna! Me kika yi haka? Wa ya ɗauko miki kayan nan?"

"Hannuna. Sun gaya miki sun mutu ne?"

"Wallahi ba za ki kwana a nan ba. Mu za mu dawo nan, ko mu kwana a falo gaba ɗaya."

"Mijinki yana tuƙa rayukan mutane, yana bukatar barci. Ke kina tsaye kan tukunya tun safe. Ni me nake yi? Zama. To in zauna a nan."

"Likita ta ce ɗakin nan..."

"Likita yarinya ta ce. Ni huhuna ya sha hayaƙin itace tun kafin a haifi likitar." Ta miƙa hannu. "Kama min abin nan, ya yi nauyi."

Mi-ran ta zaro tankin. Ya cika fal, ruwan garau kamar na sha. Ta nufi banɗaki da shi.

"Kar ki zubar," in ji Inna. "Zuba a bokiti, a yi goge-goge da shi. Da tsada muka saye shi."

Ta fara dariyar maganarta, dariyar ta sarƙe ta koma tari. Ta juya wa Mi-ran baya, ta toshe baki da gefen riga, kafaɗunta suna girgiza. Tarin ya daɗe, busasshe, mai fita da ƙyar.

Mi-ran tana tsaye a bakin ƙofa da tankin a hannu, ruwan yana rawa a ciki.

"Inna..."

Tsohuwar ta ɗaga hannu ba ta juyo ba.

"Ba komai, 'yar nan. Tsufa ne. Ja min ƙofar, kar yarinya ta ji."